Kwatar Lungunmu da Ribar Banki

Lungunmu na unguwar Sheshe gangare ne. Daga bakinsa, inda masallaci da gidan liman suke, ƙasa take sulalowa a hankali har ta dire a jikin katangar gidanmu, sannan ta karya kwana ta nufi babban lambatun da ke kai ruwa rafin Jakara. Wato duk ruwan da aka yi alwala da shi, ko aka wanke tukunya, ko ya zubo daga indararon wani, sai ya zo ya gaisa da katangarmu kafin ya wuce. Katangar kuwa ta ƙasa ce, kakana ya gina ta, kuma bayanta ɗakin Inna ne, mahaifiyata. A ɗakin aka kawo ta amarya, a ciki ta haife mu. Ni ina koyar da lissafi a sakandare, ina haya a Ƙofar Na'isa, na yi na yi ta dawo wurina ta ƙi. Ta ce ita da barin ɗakin nan sai a makara.

Ba wai ba a taɓa yi mana alkawarin kwata ba. Duk zaɓe sai ɗan takarar kansila ya shigo da tawagarsa, ya tattare babbar riga, ya auna lungun da ƙafa, ya girgiza kai kamar yau ya fara ganin ruwa. In ya ci, ko a ɗaurin aure kuka haɗu sai ya yi kamar yana amsa waya.

Kwatar da muka samu, daga wurin Alhaji ta fito, maƙwabcinmu na sama, mai sayar da turare a kasuwar Kurmi, abokin marigayi babana. A shekarun nan da hannun jarin banki ya zama yayi a Kano, lokacin da har mai shayi yana ba ka shawarar wanda za ka saya, wani surukinsa ya zuga shi ya zuba kuɗi masu kauri a wani banki. Bai daɗe da saye ba kasuwar ta kife. Farashin ya faɗo ƙasa warwas, surukin ya daina zuwa gaisuwa. Amma bankin bai mutu ba, duk shekara yana ɗan rabo wa masu hannun jari wani abu daga ribar da ya ci.

Wannan rabon ne ya hana Alhaji sukuni, don mutum ne mai tsoron Allah. Ya je ya sami liman. Liman ya ce masa uwar kuɗinsa tasa ce, amma abin da bankin ke rabowa daga kuɗin ruwa yake, kada ya ci, kada ya ciyar da iyali, kada kuma ya bayar yana sa ran lada. Ya zuba shi a abin amfanin jama'a irin su banɗaki ko kwata, da niyyar rabuwa da shi kawai. Mafi alheri kuma ya sayar da hannun jarin ya huta.

Alhaji ya karɓi rabin farko na fatawar hannu biyu. Rabi na biyun ne ya tsaya masa a wuya. Mutumin da ya tsufa a Kurmi, a ce ya sayar da kaya ƙasa da yadda ya saya? Ya ce zai sayar, in Allah ya yarda, ranar da farashin ya koma inda ya same shi. Kafin nan, duk abin da aka rabo, a yi wa lungu kwata.

Ranar da aka kira birkila na ga ikon Allah. Mutumin ya duba lungun ya ce daga ƙasa ake fara kwata, daga inda ruwa zai fita, sannan a hauro sama. Dattawa suka dube shi kamar ya yi saɓo. A tsallake ƙofar masallaci da gidan liman a fara da gidan gwauruwa? Na sa baki na ce birkila ya yi gaskiya, na fara bayanin gangare da saurin ruwa. Wani tsoho ya ce mini wannan ba aji ba ne. Har Inna da kanta ta aiko a gaya mini in rufa mata asiri, kada a ce ɗanta ya hana a fara da ɗakin Allah. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har yanzu ma in na tuna yana ɓaci. Aka fara daga sama, gida bayan gida, bisa girma da shekaru.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A da ruwa yakan bazu a lungun, ya tsaya nan, ya nutse can, kafin ya iso wurinmu ya gaji. Yanzu an gyara masa hanya da siminti, sai ya taho a guje, ya fito daga inda kwatar ta tsaya ya doshi katangarmu da ƙarfinsa. Duk shekarar da kwata ta ƙaru, ruwan yana ƙara lafiya. Ni kuma duk bazara ina sayen ƙasa ana yaɓe gindin katanga, duk damina ruwa yana kwashe ta ya kai Jakara.

Haka Inna ta zama 'yar kasuwar hannun jari. Matar da ba ta taɓa shiga banki ba, wadda kuɗin adashinta a cikin kwalla yake kwana, ta koma ba ta wuce labaran kasuwanci a rediyo. In na zo gaishe ta da yamma, kafin in gama cire takalmi za ta ce, "Yau yaya na Alhaji ya kwana?" Ba lafiyarsa take tambaya ba. Sai in buɗe waya in duba mata.

Wata rana na shigo da murna na ce, "Inna, yau ya hau sosai."

Ta ajiye muciya. "Ya hau har ina?"

"Ya kusa rabin yadda Alhaji ya saya."

"To murnar me kake yi? Kai da kake koyar da lissafi. In ya kai inda ya saya ba sayarwa zai yi ba? In ya sayar wa zai ƙarasa kwata, kai?"

Ita ta riga kowa gano inda muka tsaya: muna son bankin ya ci riba ya rabo da yawa, amma ba ma son farashinsa ya tashi. Duk duniya ban san wasu masu ra'ayi irin namu a kan kasuwa ba. Inna ta dunƙule shi a magana ɗaya, "Ya samu, amma kada ya tashi," matan lungu suka ɗauka, har ya zama abin da ake faɗa wa juna a wurin suna.

Matsalar addu'a ta taso. Wani ya tambayi liman ko ya halatta a roƙa wa bankin buɗi, tunda amfanin na jama'a ne. Liman ya ce kada ya ƙara jin wannan tambayar. Inna ba ta yi gardama ba. In ta idar da salla sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, ka san abin da nake nufi," ta shafa. Godiya ma ta zama abin tsoro. Duk wanda ya yi kuskuren ce wa Alhaji Allah ya ba da lada, sai ya haɗe rai ya ce, "Kada ka ja mini. Shara na zubar." Mutum ya yi wa unguwa aikin da gwamnati ta kasa, amma sai dai a wuce shi a ce ina kwana.

Da zaɓe ya matso abin ya ƙara armashi. Rediyo ta ce masu zuba jari sun noƙe, suna jiran su ga wanda zai hau mulki. Inna ta zaunar da ni ta ce in jero mata 'yan takarar shugaban ƙasa. Na ce akwai wanda masana ke cewa kasuwa na so, in ya ci komai zai tashi.

"Cire shi," in ji ta.

Na ce akwai wanda suke cewa in ya ci 'yan kasuwa za su kwashe kuɗinsu su gudu, bankuna ma ba lalle su sami abin rabawa ba.

"Shi ma cire shi. Babu wani mai dama-dama? Wanda ba zai gyara ba, ba zai kuma rusa gaba ɗaya ba?"

Na ce Inna ai irinsu muke ta samu tun ina yaro. Ta ce to a ƙara mata ɗaya. Wannan fa matar babana ce, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a siyasar talakawa, wanda in ya fara zagin 'yan jari-hujja a ƙofar gida sai an kira salla yake tsayawa. Na tuna mata. Ta ce shi lokacinsa katanga da ƙwarinta. Ta bi gidajen lungu tana yi wa mata huɗuba a kan ɗan takarar da ta zaɓa, ba don tana son sa ba, don ta tabbata ba zai iya komai ba. Bai ci ba. Kwana biyu ba ta kunna rediyo ba.

Akwai shekarar da aka ce bankuna su ƙara ƙarfin jarinsu, na Alhaji bai rabo ko sisi ba. Kwata ta yi shekara cur a ƙofar gidan tela. A shekarar na ji Inna tana yi wa mai tallan kuka bayanin illar hana rabon riba ga ƙananan masu hannun jari, matar tana ta cewa to, to, tana neman hanyar fita.

A hankali dai kwata ta gangaro har ta tsaya daidai kusurwar gidanmu. Saura zangon ƙarshe, wanda zai bi jikin katangarmu ya karya kwana ya faɗa lambatu. Shi ne mafi tsawo, kuma sai an zuba masa kankare da rodi. Na tambayi birkila kuɗin aikin, ya faɗa, na yi masa sallama cikin mutunci, don albashina ko kusa bai kai nan ba. Na zagaya gidajen sama ko za a yi karo-karo. Mutanen da shekarun baya ba su da zance sai na kasuwa, yanzu da kwata ta wuce ƙofarsu sai suka tuna al'amarin duniya ba shi da tabbas. Ba komai, muka ce, rabon baɗi zai ƙarasa.

Kafin baɗin Alhaji ya kwanta ciwo. Ana cikin haka labari ya fito daga gidansa cewa ya kira dillali ya ce a sayar da hannun jarin duka, ko nawa ya kama. Farashin kuwa har lokacin bai kai inda ya saya ba.

Inna ta ce in je wurinsa. Na ce in je in ce masa me? Ta ce in ce masa shekara ɗaya kawai.

Na same shi a soronsa, an jingina shi da matashi, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Muka gaisa, na yi masa ya jiki. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zancen masana sun ce baɗi kasuwa za ta gyaru, na ce asara ce a sayar yanzu. Ya bar ni na gama.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "Innarka ce ta turo ka."

"Ita ce, Baba."

"Na san saura zangonku. Ina kwana da shi a raina. Amma shekarun nan duka ba don kwata na riƙe abin nan ba, don kada a ce na faɗi a ciniki ne. Yanzu likita ya gaya mini abin da ya gaya mini. In aka kwantar da ni aka tambaye ni me ya sa na sani na ci gaba da riƙewa, za ka shigo ka yi musu bayanin katanga?"

Kunya ta kama ni, tausayinsa ya kama ni, kuma duk da haka ina jin haushi, don na san abin da damina za ta yi mana. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na tashi.

Na zaci Inna za ta yi faɗa. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Ya fi mu gaskiya. Nemo buhuna a cika da yashi."

Mun jera buhunan. Sun riƙe ruwan farko da na biyu. Da marka ta kankama, wata ranar bayan la'asar, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe a ƙarƙashin rumfa, katangar ta zauna, ta tafi da rabin ɗakin. Babu wanda ya ji ciwo. Muka tono abin da ya tonu, gadonta na ƙarfe da kwallaye da 'yan tufafi, na kira mai a-daidaita-sahu ya kai mu gidana. Ba ta yi kuka ba sai da muka zo fita daga lungun. A nan ta riƙe hannuna ta ce, "Ka bi gida-gida ka gaya musu, kada wanda ya kai wa Alhaji labarin nan. Mutum yana shirin tafiya ba a ɗora masa katanga."

Lungu ya riƙe amana, abin da ban taɓa zaton zai iya ba. Na ci gaba da zuwa duba shi duk Juma'a daga Ƙofar Na'isa. Zuwana na ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya na ji shi.

"Yaya katangar Innarka?"

Na ce, "Tana nan, Baba."

Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi.