Kiɗan Ƙaho a Bikin Yayata

Ina aji biyu a kwaleji aka sa mana darasin iya magana a gaban jama'a. Malamin gajere ne mai yawan tsaki, kuma tambaya ɗaya yake yi wa duk wanda ya tashi yin jawabi: "Da wa kake magana?" In ka ce da jama'a, sai ya ce ka zauna, wai jama'a ba su da kunne, mutum ɗaya ne ke da kunne. Na tsani mutumin nan kamar me. Sau biyu yana zaunar da ni ko gaisuwa ban gama ba.

Abin haushin shi ne na riga na san abin da yake faɗa, ban dai san yana cikin littafi ba. Ni ke riƙe da kayan sautin matasan cocinmu a Unguwar Boro, kuma duk Asabar ɗin da ake biki ni ake kira in saka kiɗa. A wannan gefen garin namu ba ka saka kiɗa iri ɗaya ka ce ka sallami kowa. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, waƙar Hausa suke so, mai tukunya da kacau-kacau, su gyara ɗaurin zani su shiga layi. Samari suna jiran na Turancin buroka, mai dukan ƙirji. Mutanen Filato da nasu, mutanen Binuwai da nasu. 'Yan mata kuwa waƙar soyayya ta fim ce a ransu, ko da za su ɗaure fuska kamar ba su taɓa jin ta ba saboda idon fasto. Kowane kiɗa akwai wanda yake kira, sauran kuma su ci gaba da cin shinkafarsu.

A shekarar ne yayata za ta yi aure, Baba kuma ya ce ba zai tashi ba.

A wajenmu, in an dawo daga coci aka zauna liyafa, akan kira uban amarya ya fito fili ya taka rawa da 'yarsa, sannan ya kama hannunta ya kai wa ango. In uba ya ƙi tashi, ba sai ya buɗe baki ba, kowa ya ji. Dangin miji za su tafi da maganar gida, su ajiye ta, ranar da aka yi saɓani su ce mata ai ke ko ubanki bai tashi miki ba.

Angon mutumin Binuwai ne, makanike a wajen Rido, ba shi da wani aibu sai kuskure ɗaya. Da ya tashi neman aure wajen fasto ya je, fasto ya zo ya gaya wa Baba, maimakon shi angon ya turo manyansa wajen kawunnanmu. Baba kuwa tun da masaƙar da yake aiki ta rufe ya koma noma a Kakau yake ganin an daina yi da shi. Ya ce, "Tunda fasto ne ya haife ta, fasto ya yi mata rawa. Ni zan je, in zauna, in ci abin da aka ba ni."

Babu wanda bai yi masa magana ba. Fasto ya zo da ayoyi. Mama ta yi kuka har ta gaji. Dangin ango suka zo da akuya suka ba da haƙuri, ya karɓa, ya ce ya yafe, amma batun tashi yana nan a kan bakansa. Yayata ta rame, sau biyu tela yana rage mata rigar aure. Ni kuwa ina gefe ina cika ina batsewa, don duk cikinsu ba wanda ya yi wa Baba magana da abin da yake shiga kunnensa.

Ni na san abin. Akwai wani tsohon kaset a akwatinsa, na kiɗan ƙaho da ganga da aka ɗauka a ƙauyenmu lokacin girbi, tun ba a haife ni ba. Yayansa da ya rasu shi ke busa babban ƙahon. Muna yara in ya saka shi ba a yi masa magana, sai ka ga kafaɗarsa tana motsi ita kaɗai. Na sace kaset ɗin, na kai kasuwa aka juye mini a waya, na mayar masa inda yake.

Ana saura kwana uku shugaban kwamitin biki ya kira ni. Dattijon coci ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutum mai son a yi komai a rubuce. Ya miƙo mini takarda, waƙoƙin bishara ne daga sama har ƙasa. Na ce, "Baba, in na sa kiɗan ƙauyenmu guda ɗaya fa, saboda mahaifina?"

Ya ce, "Kiɗan da kakanninmu suka yi wa tsafi? A bikin 'ya'yan ikkilisiya? 'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce kiɗan girbi ne. Ya ce duk ɗaya. Na so in tambaye shi ko gangar da ake kaɗawa a coci daga sama aka sauko da ita, amma na haɗiye, na ninke takardar na ce na ji. Ban dai ce na yarda ba.

Ran Asabar aka kafa rumfuna a filin makarantar firamare, rana tana dukan kowa. Na bi takardar dattijo tiryan-tiryan. Matan zumunta suka yi layinsu, aka yanka kek, aka yi addu'a. Sai mai gabatarwa ya ce uban amarya ya fito. Na sa waƙar da aka rubuta mini, mai taushi, mai fiyano. Yayata ta fito tsakiyar fili ta tsaya ita kaɗai. Baba yana kujerar gaba, ya zuba wa takalminsa ido.

Mai gabatarwa ya sake kira, ya haɗa da barkwanci, ba wanda ya yi dariya. Na hango matan dangin ango sun fara haɗa kai. Yayata tana murmushin dole. A nan raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, in ta kwaɓe ta kwaɓe. Na katse waƙar a tsakiya, filin ya yi tsit, sannan na saki ƙahon da duk ƙarfin sifika.

Dattijo ya taso da sauri har hularsa ta karkace. "Ki kashe abin nan yanzu."

Na tsaya tsakaninsa da na'urar, na ce, "Ku yi haƙuri, Baba. Ba da ku nake magana ba."

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, kuma cikin matan zumunta take, da kayan zumuntarta a jiki. Mahaifina ya ɗago kai. Ya ji busar yayansa, na ga ya ji, bakinsa ya ɗan buɗe. Har na fara cewa na jawo wa kaina a banza. Sai ya cire hularsa ya ɗora a kujera, ya miƙe, ya duƙa kamar mai shirin noma, ya buga ƙafa a ƙasa. Bai dubi kowa ba. Ya taka har gaban yayata, ya zagaya ta sau biyu, hawaye yana bin gemunsa, ya kama hannunta ya ja ta zuwa wajen ango. Angon ya so ya taya shi, ya yi ta tsalle kamar wanda ya taka garwashi. Baba ya danna masa kafaɗa ƙasa, ya nuna masa yadda ake sa ƙafa.

Na rubuta labarin nan a aikin ƙarshen zango. Malam ya ba ni maki daidai wa daida, ya rubuta a gefe cewa surutuna ya yi yawa. Oho dai.

Hukuncin gaske a coci ya same ni. Dattawa suka zauna, suka ce na yi wa babba rashin kunya, na kuma shigo da abin duniya cikin taron masu bi. Suka ba ni zaɓi: ko in tsaya a gaban ikkilisiya in ce na yi kuskure, ko in koma bencin baya wata uku, ba taɓa kayan sauti, ba cin jibin Ubangiji. Na ce rashin kunyar na roƙi gafara, kuma na durƙusa na roƙa. Kiɗan kuwa ba kuskure ba ne, ko gobe aka sake sai na saka. Mama ta ce bakina ne zai kashe ni. Yayata ta kira ni a waya tana kuka, wai ita ta jawo mini, na ce ta share hawaye ta je ta dafa wa mijinta abinci.

Bencin baya yana bakin ƙofa, inda kowa zai wuce ya gan ka. Ranar Lahadi na zauna ni kaɗai, na ɗaga kai, amma gaskiya kunya ta kama ni, har na ji kamar in nutse. An fara waƙar buɗewa sai na ga inuwar mutum a kaina. Baba ne, da Littafinsa Mai Tsarki a hammata, ya baro wajen tsofaffi can gaba.

Ya ce, "Matsa."

Na matsa. A nan ya yi ta zama har watannin uku suka cika.