Mai Hura wa Guduma Rauni

Guduma ba sunan yanka ba ne, hannunsa na dama ne ya jawo masa shi. Shekara talatin da biyu yana dako a babban siton siminti na bakin tasha, kuma da wuya wata ya mutu bai fasa wa wani baki ba. Shi ma ya sha nasa, haƙoran gaba uku sun tafi, kunnen hagu a yage. Da girma ya zo, 'yan dako suka naɗa shi shugaba, ba don hikima ba, don kowa yana son haƙoransa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tsoronsa ba, matarsa. 'Yar siririya ce mai ciwon asma, shara ma sai ta huta sau biyu. Duk ranar da ya dawo da jini ba ta tambayar wa ya fara. Sai ta kife masa bokiti ya zauna, ta kawo ruwan ɗumi da gishiri ta wanke raunin, sannan ta matso da fuskarta ta hura masa don raɗaɗi ya ragu.

"Baban yara, kai dai ba za ka girma ba," haka take cewa, shi kuwa ƙaton ya yi lamo.

Da annobar numfashi ta shigo gari, likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: idan ta kama mai irin ƙirjin matarka, sai wani ikon Allah. Guduma ya tsorata, shi kuwa tsoro a wurinsa faɗa yake komawa. Ya kafa bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar sito. Kofin roba ɗaya da mutum arba'in ke shan ruwa da shi, ya take shi da ƙafa, ya ce kowa ya zo da gorarsa. Wanda ya sauke takunkumi zuwa haɓa ya sha mari, wanda ya miƙa hannun gaisuwa ya sha igiyar ɗaure kaya. A gida kuma tun daga ƙofa yake tuɓe riga ya jiƙa, ya wanke hannu har gwiwa. Ya ware kwanonsa, ya koma kwana ɗakin ajiya. Wajen kiyayewa kam, a ba shi.

Wata Talata da hantsi wani direban babbar mota ya diro, idanu jajur, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Malam, ga ruwa ga sabulu. Ja da baya ka sa takunkumi," in ji Guduma.

"Ni za ka koya wa tsafta, tsohon jaki?" in ji direban. Ya matso, ya yi kaki ya tofa masa a ƙirji.

Hali zanen dutse. Mutumin da ya yi wata biyu yana wa'azin ba da tazara ya cakumi wuyan mai tari, suka zube cikin ƙurar siminti. Direban ya laluɓo ƙarfen sifana ya sara masa a gira, fata ta dare. Guduma ya haye ƙirjinsa ya yi ta kirɓa har hancin ya kwanta, direban kuma yana ta feso masa jini da yawu a fuska. Sai da ƙarti shida suka ɓamɓare shi.

A ƙofar gida ya tuɓe, ya wanke hannu sau uku. Da ya shiga, matar ta ga girar, ta kife bokiti, ya zauna.

Kwana bakwai tana wanke raunin safe da yamma, hancinta dab da nasa, tana hurawa. Da an gama sai ya koma can nesa ya ci abinci a kwanonsa na daban. Cikin su biyun babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin kusanta. Abin da aka shekara talatin ana yi, ido ba ya ganinsa. Ko ɗan zazzaɓin da ya ji a kwana na biyar, cewa ya yi raunin ne.

A kwana na goma labari ya zo cewa direban yana wurin killace masu cutar. A ranar matarsa ta fara tari.

Da ma'aikatan asibiti suka zo ɗaukarta cikin fararen kaya, ya tare ƙofa ya dunƙule hannu. Wata tsohuwar nas ta dube shi ta ce, "Baba, wa za ka daka?" Ya juya ya yi ta naushin bango har yatsunsa suka karye. Kwana huɗu matar ta yi a can, ta rasu. Ko gawarta ba a bar shi ya taɓa ba, kuma ya san sarai ta hannun wa cutar ta biyo.

Har yau yana ƙofar sito, kusa da bokiti da sabulu, hannun dama a karkace. Kwanan baya wani mai taurin kai ya kwaɗa masa mari, zobe ya tsaga masa kunci. 'Yan dako suka watse suna jiran a yi kisa. Guduma ya ja da baya taku biyu, ya nuna masa sabulu.

Da ya koma gida ya dafa ruwa ya zuba gishiri, ya kife bokiti ya zauna, ya wanke raunin da hagu. Sannan ya ɗaga fuska ya rufe ido yana jira. Ya daɗe a haka kafin ya tuna.