Wutar Gashin Tukwanenmu da Hoton Malam

Shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana. Ban faɗi sunansa yana raye ba, ba kuwa zan faɗa yanzu ba. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ta Darki, don can aka haife ni. Ban yi boko ba. Faɗa na yi aka rubuta.

Tsohon soja ne. Daga yaƙin duniya ya dawo da kyamara da ciwon ido. Kafin a ba ƙasar nan mulkin kai yana gadi a wani kamfani a Kano, ni kuwa ina ginin tukwane a Wudil. Likita ya gaya masa ganinsa tafiya yake yi. Bai yi kuka ba. Ya ce abu ɗaya yake so kafin duhu ya rufe shi, ya kama Kaza da 'ya'yanta a takarda, taurarin nan da mahaifinsa ke duba da su ya san damina ta kusa.

A Kano ya fara gwadawa. Duk fim ɗin da ya kai wa mai wankin hoto a Sabon Gari sai ya fito toka-toka kamar kunun kanwa, ko tauraro ɗaya babu. Mutumin ya ce fitilun lantarkin kamfani ne, gara ya je inda babu wuta. Sai ya koma gwadawa a gida, daren Alhamis, ranar da yake samun zuwa. Yakan kifa turmina a tsakar gida, ya ɗora kyamarar fuskarta sama, ya buɗe idonta, ya ja carbi sau uku, ya rufe.

Nan ma toka. Ya zargi kyamarar, ya naɗe ta da baƙin ƙyalle daga marina. Ya zargi zafi, ya riƙa ajiye fim ɗin a gindin randa. Ya zargi mai wankin, suka yi sa-in-sa. Rani biyu muna haka, idon kuma yana ƙara dushewa.

Rashin sani ya fi dare duhu. Daren Alhamis ne mu matan unguwa muke gasa tukwane a bayan gari, saboda kasuwar Juma'a. Kara da kashin shanu, wuta har ta fi ɗaki tsawo. Wata Alhamis na dawo gida ɗaukar ruwa, na waiwaya, na ga rabin sama ya yi ja. Na dubi turmin, na dubi saman. Na ce masa mu ne, hasken wutarmu ne ke ɓata masa hoton.

Ya ce, "Ta Darki, ai abincinku ne. Bar shi."

Ban bar shi ba. Na bi matan gida-gida. Iya Abu, shugabarmu, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an kashe wuta don tauraro ba, ko Kazar za ta yi mana ƙwai ne? Aka yi dariya. Amma Alhamis ta gaba ba wadda ta kyasta ashana, kuma Juma'ar nan Wudil ta ci kasuwa babu tukunyar unguwarmu.

Hoton ya fito baƙi wuluk, da 'yan zane-zane farare kamar an yi yakushi da farce. Ya kawo shi har hancinsa, ya juya shi, ya miƙo mini.

"Nawa kika gani?"

"Shida."

"To, sun cika," in ji shi. Bai sake taɓa kyamarar ba.

Yau Wudil ta zama gari mai jami'a. Fitilun shaguna da na manyan motoci a bakin titi ba sa mutuwa, janareta na ruri har asuba. Daga ƙofar ɗakina ba na ganin Kaza, kuma ba laifin idona ba ne kaɗai. Da yana nan, ban san ƙofar wa zan ƙwanƙwasa a kashe masa wuta ba. Na san dai abin da zai ce: abincinsu ne.

Gara ta cinye hoton tun da daɗewa. Iya Abu da sauran matan duk sun riga mu gidan gaskiya. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Abin da ya rage mini shi ne, mutumin nan bai ga hotonsa ba, maganata ya ɗauka, bai kuma nemi wani ya sake ƙirga masa ba. Allah ya haskaka kabarinsa.