Dakan da Ya Ja wa Maigidana Magana

Bayan haihuwata ta fari, kunun kanwa da naman jego suka bar mini jikin da ko ruku'u zan yi sai na yi nishi. Ma'aikaciyar asibiti a Daura ta ce jinina yana hawa, in riƙa motsa jiki. Tsoro ya kama ni, ina ta tunanin wa zai riƙe mini yarinya idan na kwanta. Sai na daina aika gero inji, na koma surfe da daka da hannuna, goyo a baya, gumi har cikin ido. Kafin damina ta fita, zanena ya fara zagaye ni har da saura.

Ranar da Inna ta zo daga Dutsi, da taɓarya a hannu ta same ni. Ta dubi wuyana, ta dubi turmin. Da maigidana ya shigo ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya fuskarta wajen bango, kamar da bangon take magana.

"A garinmu dai ko marar hali yana kai wa matarsa niƙa," in ji ta. "Ba a kawo wa mutum 'ya da kumatunta don ya mayar da ita taɓarya ba."

Ya sunkuyar da kai kamar mai laifi, alhali shi ne kullum yake hana ni dakan. Ni kuma kunya ta ƙulle mini baki, na kasa gaya wa mahaifiyata cewa ni na nemi ramar da kaina.

Har yau idan muka je Dutsi, a zaure yake tsayawa.