Watandar Azurfa

Ni maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari, jikan maƙerin fari. Mu ba ruwanmu da fartanya da gatari. Namu aikin azurfa ne da jan ƙarfe: mundaye, warwaro, zobba. A zamanin Turawa, lokacin ina ji da ƙarfina, duk amaryar da aka kai ɗaki tsakanin Karaye da Rogo, in ka ji hannunta yana ƙara, to ni ne nake magana. Za a ce maka akwai wasu maƙeran. Akwai, ban musa ba, sai dai nasu mundayen ba ƙara suke yi ba, tari suke yi.

Abin da ke damunmu ɗaya ne, abin aiki. Azurfa sai an je birni, kuma kafin ka tambayi kuɗinta gara ka nemi wurin zama. Wata shekara ta yi wuya har na daɗe ban hura wuta ba. Gizo-gizo ya shiga zugazugina ya yi saƙa, ya yi aure a ciki, ya ga jikokinsa.

A kakar wannan shekarar na je Rogo ranar kasuwa, na biya wajen abokina akawun gyaɗa. Mutumin kirki ne, ya yi makaranta, ya zauna birni, yana da alƙalami har biyu a aljihu. Na zauna kusa da sikelinsa ina kukan azurfa kamar yadda na saba.

Ya ce, "Maƙeri, kai kullum azurfa, azurfa. Ka san akwai ƙasar da ake haƙo ta kamar dankali?"

Ya ba ni labarin wani kamfani mai haƙar jan ƙarfe da azurfa a wani dutse can bayan teku. Ya ce shi ma ya sayi hannun jari a ciki, ta banki a birni. Na ce mene ne kuma hannun jari? Ya ce, "Mutane da yawa ne suke zuba kuɗi, kowa gwargwadon ƙarfinsa. A yi aiki, in shekara ta zagayo a ba kowa rabonsa."

Na buga cinya na ce, "Watanda ke nan!"

Watanda kuwa ba wanda zai koya mini ita, don ni ne nake haɗa ta a unguwarmu duk jajiberin salla. A tara kuɗi, a sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi a kan tabarma, kowa ya ɗauki nasa ya yi gida. Akawu ya buɗe baki zai ƙara bayani, sai wani manomi ya dire buhu a kan sikeli yana rantsuwa an rage masa awo. Ni kuma ban jira ba, na riga na gama fahimta. Allah Ya yi ni da saurin fahimta, musamman a kan abin da ban sani ba.

Saura kuɗi, kuma ba ni da su. Abin da ke akwai a gidanmu shi ne mundayen uwargida. Ita 'yar garin Fulatan ce, gidansu gidan shanu ne, kuma mundayen nan huɗu na azurfa tsantsa gadon mahaifiyarta ne. Nauyinsu kuwa, in ta ɗaga hannu za ta gaishe ka sai ta huta a hanya.

Kwana uku ina zagaye-zagaye. Na yabi tuwonta, na yabi miyarta, har kazarta na yaba. Rana ta huɗu ta ce, "Maigida, faɗi abin da kake so kafin ka yabi turmi."

Na faɗa. Na ce huɗu za ta ba ni, baɗi in ƙera mata takwas.

Ta jujjuya su a hannu. Ta ce, "Na Inna ne fa." Can kuma ta ce, "Bikin ƙanwata, autarmu, kaka mai zuwa ne. Duk dangi sun san mundayen nan. Ba zan shiga cikinsu da hannu kamar muciya ba."

Na ce, "Kafin bikin, sai an riƙe miki hannu saboda nauyi."

Ta zare su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a gabana. Inda suka zauna fatar ta yi haske, zobe-zobe. Na ɗauke kaina, don ban so ganin wurin ba.

Na sayar, na kai wa akawu kuɗin, ya aika. Bayan watanni takarda ta zo, mai kauri, da ado a gefe kamar wuyan riga. Na sa ta a gafaka na rataye a ɗaka. Daga nan na shiga shiri. Na sa aka gina ɗan rumbu a bayan maƙera, na yi masa ƙofar ƙarfe. Duk wanda ya tambaya sai in ce na azurfa ne, ya fashe da dariya ya wuce. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san halin watanda: wanda ba ya wurin rabo, ƙashi da huhu ake tara masa. Na yi tattaki har Rogo na ce wa akawu ya rubuta wa mutanen nan wasiƙa, kada su cika mini kashina da jan ƙarfe su riƙe azurfar, a sa mini tsoka. Ya yi dariya har alƙalaminsa ɗaya ya faɗi. Ya ce, "Kai dai ba ka rabo da barkwanci."

Nan ne halina ya cuce ni. Shekara guda cur ina faɗin wautata da babbar murya a kasuwa biyu, ba wanda ya gyara mini, don kowa ya ɗauka wasa nake.

Kaka ta zo, saura kwana tara biki, uwargida ta riga ta tafi Fulatan taya aiki. Sai ga saƙo daga akawu: rabo ya iso. Na yi sammako na bi ta Fulatan, na nemi aron jakuna wajen ƙaninta, magidanci ne mai baki kamar reza, kuma tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da tsiya.

Ya ce, "Jaki nawa, mijin yaya?"

Na ce, "Uku. In bai isa ba mu yi sawu biyu."

Ya ce, "Wallahi ƙafata ƙafarka. Ko zan rasa shanuna yau sai na ga wannan."

Muka shiga Rogo da hantsi, jakuna uku da mangaloli, ni a gaba na karkata hula. Tun daga bakin kasuwa nake shela a ba da hanya. Kafin mu isa rumfar akawu rabin kasuwa na biye da mu, har da mai kifi da ya bar kifinsa.

Akawu ya dubi jakunan ya ce, "Maƙeri, ka koma noman gyaɗa ne?"

Na ce, "Ba kawowa na yi ba, ɗauka na zo yi. Ina aka jibge nawa?"

Ya daɗe yana kallona. Na ga dariyar ta taso masa, ta tsaya a maƙogwaro, ta koma. Ya ce, "Innalillahi. Da gaske kake?" Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini ambulan. A ciki akwai wata 'yar takarda, ya ce ta kuɗi ce, ya karɓa ya canza mini. Abin da ya zuba mini bai rufe tafin hannuna ba.

Ƙanin matata ya leƙo ya ce, "To, wane jakin za mu ɗora wa? Ni dai a raba musu uku, kada ɗaya ya karye."

Kasuwa ta ɗauka. Ni dai ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma a rayuwata ranar ce kaɗai aka yi dariya a Rogo ba da ni ba. Akawu ya ja ni bayan buhuna, idonsa ya yi ja. Ya ce ƙarfen can suke sayar da shi, ribar ce ake rabawa, ba wanda ake aiko wa dutse. Na ce to a mayar musu da takardarsu su ba ni kuɗina. Ya ce ana iya sayar da ita, amma sai an aika birni, birni ta aika gaba, kafin kuɗi su dawo amarya ta yi goyo.

Hanyar Fulatan ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. Ko ƙanin matata da ya ga fuskata, jakuna kawai yake yi wa magana.

Na aika aka kira uwargida bayan rumbunan gidansu da la'asar. Na zayyana mata komai, ban ƙara gishiri ba, abin da ban taɓa yi ba. Na buɗe hannu na nuna mata rabon. Na jira kuka, sai na ji tambaya.

"Jarin ya mutu ne?"

Na ce, "Akawu ya ce yana nan da ransa."

"Baɗi ma za su aiko?"

"In sun samu riba."

"Shekarar da ta yi kyau ya ƙaru, wadda ta ɓaci ya ragu?"

Na ce haka ya ce.

Ta ce, "Haba Maigida. Ai wannan saniya ce aka ba da kiwo. Tana garken wani, ba ka ganinta, nono kawai ake aiko maka. Kai kuma ka ɗauki wuƙa da jakuna ka tafi inda ake zuwa da ƙwarya." Abin da akawu da alƙalumansa biyu ya kasa sa mini a kai, ta sa shi a numfashi ɗaya. Ta kwashe kuɗin daga hannuna ta ƙulle a bakin zane. "Kuma saniyar tawa ce, da mundayena aka saye ta. Kada wanda ya sayar mini da ita."

Har na fara murmushi, sai ta miƙo hannayenta biyu gabana. Muryarta ta sauka. Ta ce, "Amma wannan fa? Ka ce sai an riƙe mini hannu." Ta goge ido da gefen mayafi. "Je ka. Ni ina nan gidanmu sai na ga abin da zan sa."

Na koma Karaye ba kuɗi ba azurfa. Na zauna a maƙera ina kallon ƙasa, kuma ƙasar ce ta cece ni. A daidai wurin nan kakana ya goge azurfa, ubana ya goge, ni ma na goge, garin yana zuba cikin toka ba mai kula. Na ɗauko fartanya na fasa daɓen. Kwana biyar ina tankaɗe da rariya, ina wankewa a ƙwarya, ina tsince ƙyalli da tsinke. Na haƙa har maƙwabta suka zo tambaya ko rijiya nake yi. Abin da na narkar ya ba ni warwaro biyu, sirara kamar tsinken tsintsiya. Na zuba musu duk iyawata, na yi musu zanen da ke jikin mundayen Inna, don hannuna bai manta shi ba.

Ranar biki na isa Fulatan da ƙura har gira, na aika mata da su a ƙulle cikin ƙyalle, na zauna a zaure cikin maza. Ana hira, ni kunnena yana cikin gida. Can na ji muryar goggonsu, tsohuwa ce da in ta yi raɗa ana ji har garin Zoza.

"Ke, ina mundayen 'yar'uwata? Wannan zaren fa da kika ɗaura?"

Na ji uwargida ta ce, "Suna wajen kiwo, Goggo."

"Kiwo? A ina?"

"Bayan teku."

"Wa yake kiwon?"

"Turawa."

Sai tsohuwa ta ce, "Turawan nan da ke karɓar jangali, su ne suke yi miki kiwo?" Wata ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗauka, har makaɗi ya sauya kiɗa. A zaure maza suka juyo suna kallona, ni kuwa na gyara zama kamar da ma haka na tsara.

Jim kaɗan ƙanin nata ya fito da ƙwaryar fura, an cika ta da nono har ludayi na tsayawa da kansa. Ya dire a gabana ya ce, "Mai jakuna, ga saƙo. Ta ce na hannun hagun ya matse ta. In kun koma gida jibi, ka buɗa shi kaɗan."