Takalman Auta a Ƙaramar Ƙofa

Duk wanda ya zauna garin nan ya sani: in gero ya kai gwiwa, mutane suna gona suna maimai, to maigidana yana zaure da tsohon tire a cinya, harshe a waje, yana gina ƙofar gidanmu da yumɓu. Ba wadda muke shiga ba, a'a. Wata 'yar mitsitsiya ce, ko ɓera sai ya sunkuya. Sunansa ban taɓa faɗa ba yana da rai, ba kuwa zan fara yau ba don ana rubuta maganata. Ku kuna ce masa Gardi, ni ina ce masa Malam, shi kuma 'Yar Azarori yake kirana, da sunan garinmu, kamar jiya aka kawo ni.

Shekaru masu yawa ya yi yana gadin lakwal, makarantar bokon garin nan, shi ke ɗaga tuta kullum da safe. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ranar uku ga Agusta, ranar 'yancin ƙasa, a tsakiyar hutu take faɗowa. Lakwal a rufe, mushe, wato malamin lakwal ɗin, ya tafi garinsu Madawa da mabuɗin akwatin tuta a aljihu.

"Ƙasa ta samu kanta, a rasa mai ɗaga mata ƙyalle?" in ji shi. "To ni zan ɗaga, ko da a kan tire ne. Doka ce!"

Wannan "doka ce" kun san ta. Shayi sau uku, doka ce. Kada a taɓa rediyonsa, doka ce. Na taɓa tambayarsa wa ke rubuta dokokin nan, ya ce ai tambayar ma doka ta hana.

Amma fa ya iya! Zauren nan namu sak, har da tsagar da ke bangon gabas. Ga dakali, ga randar baƙi kamar ƙwayar aduwa. Ƙyauren gwangwanin sardin ne, yana buɗewa yana rufewa. A gefe ya shuka gero na gaske, kwana goma kafin ranar, don ya fito tsanwa shar. Sandar tuta tsinken tsintsiyata ne, da zare mai hawa da sauka. Ranar fet, wato ranar bikin 'yancin, sai ya kife turmina a ƙofar gida, ya ɗora tiren, ya sa tsohon kakinsa da ya daina maɓalluwa a ciki, ya daka tsawa irin ta soja: "Gardabu!" Manyan mutane da hauya a kafaɗa su ƙame, ana jan zare da yatsa biyu.

Kun kuma san abin da ya hana ni dariya da cikakken baki har shekara bakwai: takalman Autana babu su a bakin wannan ƙofa. Zan zo gare shi. Bari in fara da yadda takalma suka shigo zancen.

Shekarar farko mutane ya yi, 'yan ƙanana na yumɓu, tsaye gaban tuta. Har Liman ya yi, da rawaninsa da tumbinsa. Liman ya zo, ya duba, ya daɗe yana duba tumbin.

"Gardi, ka san ranar gobe ƙiyama za a ce ka hura wa waɗannan rai?"

"Dukansu?"

"Dukansu."

Malam ya ƙirga, sun kai ashirin. Ya ce shi da hawa tudun Garhanga ma numfashi ke gagararsa. Can ya ce, "To, Liman, takalmi fa? Za a ce in hura wa takalmi rai?"

"Takalmi ba ya da rai."

"Madalla."

A gaban Liman ya murje mutanen nan suka koma curi. Da shekara ta zagayo, babu mutum ko ɗaya a kan tire, sai takalma jere a bakin ƙofa, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Ya ce ai in ka ga takalmi a ƙofa, mai shi yana ciki. Kuma kowa ya gane nasa! Na Liman ga su nan a gaba, da igiyar hagu ɗaure da waya, kamar yadda suke a ƙafarsa shekara uku. Jama'a suka dubi tire, suka dubi ƙafar Liman. Ranar kasuwa Liman ya sayi sababbi.

Daga nan abin ya zama kamar rajistar gari. Da an sauke tuta sai a yi ca a kan tire, kowa na neman nasa. Amarya in ta ga silifanta, ta san an karɓe ta. Jariri kuwa har sai ya fara tafiya. Doka ce.

Tutar ma da labarinta. Fari ya samu a tsohuwar hularsa, tsanwa a wajen tela. Ruwan goro ya gagara. Ni kuwa ina da wani kallabi ruwan goro da ƙanwata ta kawo mini, ban ɗaura shi ba sai biki. Ranar wani suna na ɗauko, na ɗaura, na fita ina taku. Matan da ke bayana sai dariya suke. Na kwance na duba, sai ga rami mai kusurwa huɗu a tsakiyar ƙeya, an yanke shi tsaf da reza.

Na dawo gida a guje. "Malam! Wa ya yi mini wanga aiki?"

"Ƙasa ce ta buƙata."

"Ƙasa ba ta ga gefe ba sai tsakiya?"

"Gefen ya koɗe, 'Yar Azarori. Kina so a ce tutarmu ta koɗe?"

Ita kuma 'yar ranar da ke tsakiyar farin, ya ce ba zai sake ɓata kallabi ba saboda ɗigo ɗaya. Goro ya tauna, ya dangwala da tsinke. Kowace shekara sai ya sabunta, ya ce tutarsa ce kaɗai a faɗin Adar da ke cin goro.

Hukunci kuwa da maƙwabcinmu Abarshi aka fara. Ana gobe fet, Malam ya ajiye tire a inuwa ya shiga alwala. Akuyar Abarshi ta zo ta kiwace geron nan tas, ta haɗa da tutar, ta bar masa tsinke. Wayyo! Ihun da ya yi, na ɗauka kunama ce.

"Abarshi! Akuyarka ta ci tutar ƙasa!"

"Haba Gardi, akuya ba ta yi lakwal ba."

"Kai ka yi?"

"Ban yi ba."

"To ku biyu ne."

Kallabina ya sake samun rami na biyu, takalman Abarshi kuma suka bar tire. Da fari dariya ya yi, ya ce yumɓu ne. Amma ko kasuwar Ibohaman ya je sai an tare shi: "Abarshi, ashe an kore ka daga ƙasa? Ina za ka koma?" Bai yi wata biyu ba sai ga shi da ƙwaryar nonon akuyar, wai mai laifi ce ta aiko da gaisuwa. Malam ya shanye nonon, ya ce za a duba maganar. Da shekara ta zagayo takalman suka dawo, sai dai an kafa ɗan turke a gefensu, da igiya.

To, Auta. Sunansa Sahabi, shi ne ƙaramin 'ya'yana, kuma shi ya ɗauko taurin kan uban duka, bai rage wa 'yan'uwansa ba. Ya je ci-rani Abijan, ya dawo wata damina da agogo da sabon taku. Ranar fet, ana tsakiyar jan zare, kowa ya ƙame, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka! Yana dariya yana ce wa abokinsa, a gaban jama'a, "Ba komi, tsohona ne ke wasan yara."

Zaren ya tsaya a rabi. Malam bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya ƙarasa ɗaga tutar a hankali, ya sa yatsa biyu ya ɗauke takalman Auta, ya murje su, ya kakkaɓe hannu.

Kwana huɗu bayan nan Auta ya hau mota. Daga can ya aiko cewa shi ba ya zuwa gidan da aka cire takalminsa. Malam ya ce shi ba ya sa takalmin wanda bai zo ba. Ku ji fa! Wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan, ni a tsakiya ina tsufa. Ya yi aure can, an haifa masa 'ya'ya biyu, muryarsu kawai na sani a waya. Ku bar ni in share ido, har yanzu in na tuna sai ya zubo.

Babu wanda ban aika ba. Liman ya je, Malam ya ce, "Kai ka ce takalmi ba ya da rai, to mi ya dame ka da shi?" Abarshi ya je, aka tuna masa da turke. Ni kuwa kowace damina sai na durƙusa.

"Malam, ƙwayar wake biyu ce fa."

"In ƙwayar wake ce, shi ya zo mana."

"Ɗanka ne."

"Doka ce."

Daminar bara na ga hannunsa ya soma rawa, yana ɗaukar yini guda a kan takalmi ɗaya. Na ce a raina, Hajo, in kika jira mutanen nan biyu, kabari ne zai raba gardamar. Da safen fet, ya tafi masallaci, na ɗebi ragowar yumɓunsa na zauna bayan rumbu. Ni da ban taɓa gina ko kasko ba! Na murza, na latsa, na shanya a bakin murhu, na je na ajiye su can ƙarshen layi, kusa da randa.

Aka yi gardabu, aka ɗaga tuta, aka sauke. Jama'a suka yi ca. Malam ya sunkuya har hancinsa na taɓa gero.

"Wa ya kawo dankali ƙofata?"

Na fito daga bayan mata. "Ni ce, Malam. Takalman Auta ne."

"Takalma? Waɗanga?" Ya ɗaga ɗaya sama kowa ya gani. "Jama'a, ku duba. Duka biyun na hagu ne! 'Yar Azarori, ke kika haife shi, ƙafar hagu biyu kika gani?"

Na ce shi ke nan, zai murje. Na rufe ido. Sai na ji ya ce, "Abarshi, miƙo mini ruwa."

Ya zauna a ƙasa da kakinsa, ya jiƙa yumɓu, ya hau gyara yana mita. Wai Auta ƙafarsa doguwa ce siririya, irin ta kakansa. Wai yana cin dunduniyar dama ta waje, tun yana yaro haka yake taka ƙasa. Ya sa farce ya ɗan goge dunduniyar daman. Shekara bakwai bai ambaci sunan yaron nan ba, ashe har cin takalminsa yana riƙe da shi. Ya mayar da su, ba ƙarshen layi ba, dab da ƙyaure, bakinsu na duban ciki.

Abarshi ya kasa haƙuri. "Gardi, doka fa?"

"Ni ban sa ba. Ita ta sa. Ni gyara na yi, doka ba ta hana gyara ba."

Aka fashe da dariya, ni ina kuka, Liman na ta Alhamdu lillahi. Matar tela ta ɗauki hoton tiren da wayarta ta aika Abijan tun kafin a watse.

Bayan an yanke gero sai ga mota ta sauke Auta da matarsa da 'ya'yansa. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa. Malam na kan dakali. Bai dubi fuskarsa ba, takalman ya duba, wasu baƙaƙe ne rufaffu masu igiya.

"Ba waɗanga ke cikin rajista ba."

"Baba, ka yi mini gafara."

"Igiya gare su, aiki ne babba. Sai ka jira Agusta." Sannan ya matsa gefe, ya buga dakalin da tafin hannu. "Zauna mana, ka tsaya mini a kai kamar sandar tuta."

Malam bai kai Agustan ba. Ana cikin zafin bazara, kafin ruwan farko, ya kwanta kwana biyar, kansa a cinyar Auta ya cika. Amma wata shida suka yi suna shan shayi tare a kan dakalin nan, sau uku, suna gardama kamar ba su taɓa rabuwa ba, jikokinsa na hawa bayansa yana kafa musu dokoki. Wannan wata shidan ni na san darajarsu.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ka sa ni dariya, ka sa ni kuka, ka huda mini kallabi, na yafe duka. Allah ya haskaka makwancinka, ya yi maka sassaucin da ka yi wa ɗanka, ya karɓe ka ba tare da dogon bincike ba. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.