Kabarin Malam Tanimu a Bankok

Wata rana, a wani asibiti a birnin Bankok na ƙasar Tailan, wani dattijo ya kama hannun amininsa ya ce, "Jatau, in ta Allah ta kasance, kada ka bari in kwana cikin firjin mutanen ga."

Alhaji Jatau ya ce masa ya bar wannan zance. Amma da ya ga idon mutumin bai sauka daga kansa ba, sai ya amsa. Ya ɗauki alkawari.

Kafin in gaya muku yadda ta kaya, bari ku san waye Alhaji Jatau.

Mutumin Gusau ne. Ya shiga Bankok tun gemunsa na baƙi wuluk, yana harkar duwatsu masu daraja, irin waɗanda ake haƙowa a Afirka a kai can a goge a sayar. Yau gemun ya yi fari fat, kuma yana nan.

Shekara ashirin da ɗoriya, amma ƙasar ba ta taɓa yi masa daidai ba ko da rana ɗaya.

In tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi a gidan abincin 'yan Afirka bayan la'asar, to ka shirya kunnenka.

Zai fara da abinci. "Mutanen da ka zuba sukari ga miya, mi ya rage kuma?"

Daga nan ya gangaro kan cunkoson motoci, yadda mutum zai fito da alwala ya isa inda za shi lokacin sallah ya wuce. Sai damina, yadda ruwa ke cika titi har gwiwa, su kuma suna tafe a ciki suna dariya, har da masu ɗaukar hoto.

Bai manta da bikinsu na watsa ruwa ba. Wata shekara sun jiƙa masa sabuwar shadda sharkaf a kan hanyar Juma'a, har yau bai huce ba.

Siyasa kuwa, nan ne gwanintarsa. Ya ce kafin ka haddace sunan mai mulki an kawo wani, kuma duk wanda ya zo sai ya taɓa dokar baƙi. Ya ce shi da furfurarsa, duk bayan 'yan watanni sai ya je ya nuna fuskarsa a ofishin shige da fice kamar wanda aka bayar beli.

Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne murmushinsu.

Ka yi ciniki, murmushi. Ka yi faɗa, murmushi. A hana ka abu, murmushi. Alhaji ya ce shi ya fi son mutum ya ɗaure fuska ya ce masa a'a, ya san inda dare ya yi masa.

Wasu maganganun nasa gaskiya ne, kar ku ce na ce ƙarya yake yi. Matsalar ita ce baki ne kawai ke aiki. Kunnen ya daɗe da yin ritaya.

Gidan da yake haya yana cikin wata tsohuwar unguwa ta Musulmi 'yan ƙasar, a bakin rafi. Eh, akwai su, kuma da yawa. Daga tagarsa yana hango hasumiyar masallacinsu.

Amma ba ya Juma'a a can. Ya ce da yarensu suke huɗuba, shi ba ya ganewa. Gara ya ɗauki tasi ya ratsa gari zuwa wani ɗaki a saman bene inda 'yan Afirka ke haɗuwa.

In an yi rasuwa a unguwar, wani zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ɗan rusuna, ya sanar da shi. Alhaji zai ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Sai ya kulle ɗaki ya tafi kasuwa.

Ba mugunta ba ce. A ransa shi baƙo ne, gobe ko jibi zai tattara ya koma gida, to me zai sa ya tsoma kansa cikin harkar mutane?

Goben nan ce ta kai shi ga furfura.

Shi kuma Malam Tanimu, wanda ke kwance a asibitin, abokinsa ne tun suna makarantar allo. Ba mazauni ba ne, yana zuwa da kaya ya sayar ya koma, kuma in ya zo a ɗakin Alhaji yake sauka. A wannan zuwan ne ciwo ya kayar da shi.

Da hantsin wata Talata rai ya yi halinsa.

Wasu matasan 'yan kasuwa 'yan Afirka suka bazama suka yi abin da hukuma ke buƙata. Asibiti suka ce saura abu ɗaya: a faɗi maƙabartar da ta yarda za ta karɓe shi, su sallami gawa.

Alhaji ya dube su galala.

Yarda? A ina aka taɓa neman yardar maƙabarta?

A gida mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi. Masu haƙa suna nan, ba wanda zai tambaye ka ɗan wane gida ne. Ko matafiyi ne ya faɗi a tasha ba a san danginsa ba, jama'a za su yi masa sutura, wanda ke wucewa ma ya ajiye kekensa ya shiga sahu.

Haka Alhaji ya sani. Bai taɓa tambayar yadda ake yi a nan ba. 'Yan Afirkan da suka rasu a gabansa, wasu an kai su gida, wasu kuma surukansu 'yan ƙasa ne suka san yadda suka yi.

Ɗakin sallarsu na saman bene kuwa ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa.

Sai ya tuna da maƙabartar da ke bayan masallacin unguwarsa. Ya ce wa matasan su sayo likkafani, yanzun nan zai dawo.

Ya tarar da dattawan masallacin zaune a baranda bayan azahar. Limaminsu wani siririn tsoho ne da ya yi karatu a Masar. Da Larabcin zaure da guntun Turancin kasuwa suka fahimci juna.

Liman ya yi masa ta'aziyya, ya sa aka kawo masa ruwa. Sannan a hankali ya yi masa bayani.

Maƙabartar ƙarama ce, kuma ta cika tun zamanin iyayensu. Gari ya zagaye ta da benaye, babu inda za a ƙara. Don haka kowane gida a unguwar yana da ɗan ɓangarensa, a nan suke binne nasu kusa da kakanninsu. Baƙo ba ya samun wuri sai wani gida ya ɗiba daga nasa ya ba shi.

Liman yana bayanin nan yana murmushi.

Murmushin nan ne ya ƙarasa Alhaji.

Ya miƙe tsaye. Ya ɗaga murya har tantabarun rufin masallaci suka tashi. Ya ce wane irin Musulunci ne wannan, ana raba ƙasar Allah kamar gonar gado? Ya buga hannu a tebur, kofin ruwan da aka kawo masa ya kife.

A gida, in dattijo ya yi haka a kan gawa, cewa za a yi zafin rashi ne, a ba shi haƙuri, a ma ƙara sauri.

A nan ba haka ba ne. A wurin mutanen nan, ka daka wa babba tsawa a gaban jama'a, ka tsinka shi ke nan, kuma ka tsinka kanka. Ba za su rama ba. Ba za su ce maka komai ba.

Dattawan suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sa takalminsa, ya ɗan rusuna, ya wuce.

Aka bar Alhaji da Liman da ruwan da ke ɗiga daga tebur.

Alhaji ya ce, "Musulmi ne fa! Ɗan'uwanku ne!"

Liman ya ce, "Ban musa ba, Alhaji. Faɗa mini gida ɗaya da ka sani a unguwar nan, mu tashi yanzu ni da kai mu je mu roƙe su."

Alhaji ya buɗe baki.

Akwai matar nan mai soya kaza a bakin gada. Akwai mai babur ɗin da ke kai shi bakin titi kullum. Akwai tsohon da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa in an yi rasuwa.

Fuskokinsu duk ya sani. Suna ko ɗaya babu.

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi.

Liman ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa, ya ce su je a gwada.

Suka bi gida gida. To amma masu gidajen su ne dai dattawan da ya gama yi wa tsawa a baranda. Kowa ya tarbe su da mutunci, ya ba su wurin zama. Kowa ya ce zai shawarci 'yan'uwansa tukuna.

Babu wanda ya ce a'a. Babu kuma wanda ya ce to.

Alhaji ya daɗe a ƙasar, ya san fassarar wannan.

Ni dai ban ce sun kyauta ba. Gawa gawa ce, kuma Malam Tanimu bai yi wa kowa tsawa ba. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, wurin da ka tanada kusa da mahaifiyarka, za ka miƙa wa mutumin da bai taɓa taka ƙafa zuwa jana'izar gidanku ba, kuma yau ya zo yana buga muku tebur?

Rana ta yi ja, ta faɗi. Alhaji yana zaune a matakalar masallacin aka kira magariba. Likkafanin da matasa suka sayo yana cikin leda a gefensa.

Malam Tanimu ya kwana a firji.

Liman ne bai haƙura ba. Ya yi ta buga waya har ya samu wani abokin karatunsa da ke limanci a wani ƙauye can wajen gari, cikin gonakin shinkafa. Suka ce a kawo shi, suna da fili.

Washegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kabarin da mutanen ƙauyen suka haƙa ya cika da ruwa, hanya ma ta yanke.

Malam Tanimu ya ƙara kwana a firji.

Sai ranar Alhamis aka kai shi. 'Yan Afirka kaɗan ne suka samu zuwa, saboda nisa. Manoman ƙauyen ne suka cika sahu, da taɓo a ƙafafunsu, mutanen da ba su taɓa jin sunan Gusau ba. Su suka kwashe ruwan da bokiti, da ya ƙi ƙarewa su suka haƙa sabo a tudu, su suka karɓe shi suka kwantar.

Alhaji bai yi sharhi a kan komai ba ranar. Ko shayin da aka ba shi mai zaƙi kamar zuma, shanyewa ya yi.

A hanyar dawowa, suna cikin mota shi da Limamin unguwarsa, wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Kulu ce, matar marigayin, daga gida. Tun Talata yake kauce wa kiranta, sai dai ya tura a gaya mata ana kan shiri.

Wannan karon ya ɗauka.

Suka gaisa, ya yi mata ya haƙuri. Ya ce an kai shi, an yi masa sutura yadda addini ya ce.

Ta ce, "Alhaji, yau anka kai shi?"

Ya ce, "Yau, Hajiya."

Yana jin numfashinta a wayar. Ta san abin da mijinta ya fi tsoro, ita ma ya sha gaya mata. Alhaji ya runtse ido yana jiran ta yi kuka, ko ta yi masa faɗa. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Sai ta ce, "Ba komai, Alhaji, haka Allah ya so. Tun da kai da kake ɗan gari can ka kasa, na san ba mai iyawa. Allah shi saka maka."

Alhaji ya kife wayar a cinyarsa. Ya juya fuskarsa wajen taga don kada Liman ya gani, amma kafaɗunsa suna rawa.

Darasi: Duk garin da kake kwana kake tashi, a nan kake zaune, ko da zuciyarka tana gida. Ka soki abincinsu da gwamnatinsu in ka ga dama, bakinka ne. Amma ka san sunan maƙwabcinka, ka je jana'izarsu, ka tambayi yadda suke yin abubuwansu tun kana da lafiyar tambaya. Akwai ranar da za ka buƙaci abin da ba a saye a kasuwa, kuma ranar ba a fara sabo.

In kana da wani naka a ƙasar waje, wanda kullum zancensa shi ne "mutanen nan ba su da kirki", tura masa wannan. Ka kuma tambaye shi sunan mutumin da ke ɗakin da ke kusa da nasa, ka ji me zai ce.